Rumbun da Ban Buɗe Ba

Ɗana na fari ne ya zo da maganar, bara bayan an gama kawo amfanin gona gida. Aikin gini yake yi a birni, sai ya yi wata uku, wata huɗu ba mu sa shi a ido ba. Matarsa da 'ya'yansu huɗu suna nan ƙauye tare da ni. Ya cire takalmi a bakin ƙofar ɗakina, ya zauna, ya ce, "Inna, kin ga yadda hatsi ya yi a kasuwar Bici bana. Kin kuma ji abin da ake faɗa ta wajen Shanono, hanya takan rufe mutum bai shirya ba. So nake mu ajiye abin da zai kai gidan nan shekara guda, ko da ba wanda ya leƙa kasuwa."

Na ce to, hankali ya fara zuwa.

Cikin mako biyu ya gina ɗaki ƙarami a bayan madafi, ya rufa kwano, ya sa ƙofar ƙarfe. Sannan ya kwance kayan da ya zo da su daga birni, ya baje mini a tabarma kamar mai talla: taliya kwali biyu, farar shinkafa, garin masara, man gyaɗa jarka guda, da wasu ƙwayoyi masu wari da ya ce ana ƙulle su a tsumma a jefa cikin buhu, ƙwaro ya mutu.

Na dubi kayan, na dube shi. Na ce, "Wannan ajiyar yunwa ce ko gara za ka kai gidan amarya?"

Surukata ta toshe baki da gefen zane. Ya ce, "Haba Inna, abin da mutane ke ajiyewa ke nan yanzu."

"Mutanen da ba su taɓa ganin yunwa ba sai a bakin wasu. Taliyar nan, in yaro ya ci da hantsi, kafin rana ta karkata yana jan zanen uwarsa. Gari kuwa ba ya jira, wata biyu ka buɗe ka tarar da tsutsa ta riga ka. Man nan kafin damina ya fara maƙaƙi. Ƙwayar nan kuma ka mayar wa mai ita. Abin da ya kashe ƙwaro ba zan zuba wa jikokina ba."

Ya ce to in zaɓa. Dama abin da nake jira ke nan. Ban taɓa zama a aji ba, amma a kan hatsi ba wanda zai gyara mini zama a karkarar nan.

Gero na fara sawa, kuma a zangarniyarsa, dami-dami, ba sussukakke ba. Gero in yana cikin rigarsa sai ya shekara uku, huɗu, bai san an yi ba. Kuma shi kaɗai ne hatsin da ba ya neman wuta dole: in abu ya ɓaci har mutum ya rasa damar hura murhu, ya jiƙa ya daka, ga gumba, yaro ya ci ya sha ruwa ya kwana. Bayansa dawa, mai taurin ƙwaya, wadda in ka ciza sai ta yi ƙara. Masara na ce a ci ta yanzu, ba ta da amana. Shinkafa na sa ya je wajen masu noman rani a Watari ya samo shanshera, wadda ba a cashe ba. Wake muka shanya kwana uku a rana, muka gauraya da toka, muka ɗura a jarkoki muka toshe baki. Gyaɗa da ɓawonta. Kuka ganye-ganye, ba a daka ba, don in an daka ƙamshin guduwa yake yi. Kuɓewa busasshiya, kalwa maimakon daddawa, tsamiya curi-curi, barkono, kanwa, gishiri. Gishiri da yawa. Wanda bai taɓa cin ganye lami kwana goma ba bai san darajar gishiri ba.

Abu ɗaya na yarda da shi cikin kayan zamaninsa, wato buhunan nan masu leda biyu a ciki, da ake ɗaurewa iska ba ta shiga. Na murza ledar a hannu, na ce wanda ya yi wannan ya taɓa asarar wake. Na sa aka jera itace a ƙasa don kada buhu ya taɓa siminti, aka shimfiɗa ganyen darbejiya tsakanin damman gero. Da muka gama na tsaya a bakin ƙofa ina kallo, raina fes. Na ce ko yau aka rufe duniya, gidan nan ya kai wata kakar.

Sai ya ja ƙofar, ya datse kwaɗo, ya zare makulli ya jefa a aljihu.

Na ce, "Ina za ka kai shi?"

"Birni zan tafi da shi. In ya zauna a gida, yau kwano ɗaya, gobe kwano biyu, ranar da ake nema a tarar da kango. In wuya ta yi, a kira ni in zo in buɗe." Ya yi dariya ya ƙara da cewa, "Ai a wajenki muka koya. Duk garin nan wa bai san labarin rumbun da kika tsare ba?"

Na juya wajen surukata, ina jiran ta ce wani abu. Yarinya ce mai kamun kai, ba ta taɓa aika yaro maƙwabta aron gishiri ba tun da aka kawo ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gara ya tafi da shi, Inna. Kada wata rana a ce ni na cinye."

Muryar tata ce, amma maganar tawa ce, tun kafin a haife ta.

Kwana biyu suka rage ya koma. Cikin kwana biyun nan abinci bai wuce mini ba. Sai in zauna a inuwa da rana tsaka, in ga ƙaramar jikata tana wasa da ƙasa, in kau da kai.

Labarin da garin ya sani gajere ne. An yi shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki, maigida ya tafi ci-rani, matarsa ta riƙe gida har ya dawo, ya tarar da rumbunsa yadda ya bar shi, ko tsagewa babu a murfin. Shekara arba'in da ɗoriya ana ba da ni misali. Ana kawo mini amare in yi musu faɗa a kan tattali. Na yi musu, kuma na ji daɗin yi, ba zan ɓoye ba.

Ga abin da garin bai sani ba.

A lokacin ba mu shiga majami'a ba tukuna, muna kan al'adar iyaye. A wajenmu mace tana da gayaunarta, wato 'yar gonarta, tana da ɗan rumbunta, kuma ita ke ciyar da gida daga kaka har a fara aikin damina. Babban rumbu na gandu ne, na maigida. In an cika shi, a yanka jan zakara a gindinsa, a zuba giya, a shafe murfin da laka. Daga ranar mace ba ta taka tsaninsa, ba ta leƙa cikinsa. An ce in ta leƙa, kurwar hatsin ta gudu, ko an ɗiba ba zai yi auki ba. Ba mai fasa lakar nan sai maigida, ko babban namiji jinin gidan.

Namu rumbun cike yake da geron shekaru uku masu albarka. Maigida ya shafe shi, ya ce zai rage mana baki ɗaya, ya dawo kafin ruwan shuka. Ya tambaye ni, "Naki zai kai?" Na ce, "Ka taɓa jin bai kai ba?" Alhali na san abin da gayaunata ta ba ni a shekarar, ko rabin na kullum bai yi ba. Amma ni ce macen da hatsinta ba ya ƙarewa sai an ji tsawar fari. Wadda nata ya ƙare da wuri, mata sukan sa ta a waƙar niƙa, sunanta ya yi ta yawo daga dutse zuwa dutse. Ni da kaina na sa wasu a waƙa, kuma muryata ta fi ta kowa tashi.

Yara biyu gare ni a lokacin: shi wannan ɗan farin, yana da kamar shekara bakwai, da ƙanwarsa da ban daɗe da yayewa ba. Baƙa ce, mai wushirya, mai son bin kaji.

Hatsina ya ƙare saura wata biyu ruwa ya sauka. Wan maigida yana wani ƙauye, tafiyar da in ka fita da sassafe ka isa kafin rana ta yi zafi. Da na aika masa, da ya zo ya fasa lakar, ba wanda zai ce an karya al'ada. Hanyar a buɗe take, kowa ya san ta. Amma aikawa na nufin in faɗa da bakina cewa nawa ya ƙare. Na ce bari in ƙara mako guda, maigida na hanya. Mako ya wuce, na ce bari in ƙara wani.

Muka koma kunun dusa. Dusa ta ƙare, muka koma busasshen tafasa da zogale, da garin ɗorawa in an samu, da goriba. Sau ɗaya a yini. Kullum da la'asar sai in zuba ɗan ƙaiƙayi a turmi in yi ta daka, har da luguden da aka san ni da shi, don maƙwabta su ji gidanmu ana daka kamar kowane gida. In hura wuta hayaƙi ya tashi, tukunya ruwa ne da ganye.

Wata maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga wata rana, ta ga yarinyar, ta ce, "Ke, 'yar nan taki lafiya? Gashinta ya yi ja."

Na ce, "Yaye ne. Duk 'ya'yana haka suke yi."

Ta ce, "In da abin da ake bukata, ai mu ɗaya ne."

Na ce, "In kina da wanda ya yi miki yawa, kai wa masu nema." Ta janye kanta. Ba ta sake leƙowa ba.

Rumbun a kan duwatsu yake zaune, ƙarƙashinsa akwai inuwa inda kaji ke fakewa. Yarinyar ta daina bin kaji, sai ta rarrafa ta zauna a nan tun hantsi. Na ɗauka sanyin wurin take so. Ran nan na zo wucewa da tulu, na ga tana tsintar wani abu a ƙasa tana kaiwa baki. Na durƙusa. Ashe gindin rumbun ya ɗan tsage, tururuwa sun samu hanya, sun yi layi, kowace ɗauke da ƙwayar gero guda. Ita kuma tana zaune a bakin layin, tana ƙwace ƙwayar daga bakin tururuwa da 'yan yatsunta, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗago ta dube ni, ta miƙo mini ɗaya.

Na ajiye tulun. Na ɗebo ƙasa, na zuba ruwan da na ɗauko, na kwaɓa laka, na toshe tsagar. Na shafe ta sumul da tafin hannuna, don kada maigida ya dawo ya ce na bar rumbunsa yana zuba. Tana kallona har na gama. Ba ta yi kuka ba. Washegari ta koma wurin ta zauna, tana jira.

Bayan kwanaki ƙyanda ta shigo gari. Ta kama su su biyu rana ɗaya. Shi ya yi kwana shida ya miƙe yana neman abinci. Ita ƙurajen ma ba su samu ƙarfin fitowa sosai ba. Ranar da na ga numfashinta ya sauya na ce gobe da sassafe zan tafi wajen wan maigida da ƙafata, a yi waƙar, a yi ta yi. Ba ta kai goben ba. Da la'asar ta cika a cinyata, ba nauyi, kamar na ɗora zane.

Wan maigida ya zo gaisuwa. Ya zaga ya ga laka lafiya lau a bakin rumbu, ya faɗa a gaban mutane cewa ƙaninsa ya yi dace da mace. Daga bakinsa labarin ya fita.

Kwana tara bayan haka maigida ya dawo. Ya hau tsani ya fasa lakar, ya miƙo dami na farko. Gero jawur, ko ƙwaro ɗaya babu, ƙamshinsa ya cika gidan. Da ma ya ruɓe. Da ma gara ta cinye shi tun tuni, da na samu abin da zan riƙa faɗa wa kaina. Ya sauko, ya wuce wajen ɗan rumbuna, ya ɗaga murfin, ya ga har gizo-gizo ya yi saƙa. Ya juyo. Ya ce, "Tun yaushe?" Na faɗa masa. Ya ce, "Da kin sa taɓarya kin fasa shi, faɗan kwana ɗaya zan yi miki." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Ubangiji, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Daga baya muka karɓi bishara, aka daina yanka zakara, rumbun ma ya rushe wata damina. Na haifi wasu, na aurar da su. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na riƙe. Sai dai har yau in na ga layin tururuwa a tsakar gida, ba na iya tsallakewa. Zagayawa nake yi. Wani lokaci da rana tsaka, in gida ya yi tsit, sai in ji kamar akwai wanda ke zaune a ƙasa kusa da ƙafata yana jira, in duba ba kowa.

Ranar da ɗana zai koma birni, mai babur ya zo yana jira a waje. Ɗana ya rataya jaka, ya durƙusa ya yi mini sallama. Ɗan fari ne, ban taɓa kama sunansa ba, ban kuma saba doguwar magana da shi ba. Na ce, "Kai, ajiye jakar. Ke ma zo ki zauna."

Ya ce, "Inna, rana tana yi."

"Ta yi. Ba ni makullin nan tukuna."

"Mun gama wannan maganar ai."

"Ba mu fara ba."

Na faɗa musu duka, tun daga amsar da na ba ubansa har zuwa lakar da na kwaɓa. Ban rage turmin ba, ban rage maƙwabciya ba. Ban yi kuka ba, muryata ma ba ta yi rawa ba, kamar labarin wata nake bayarwa. Mai babur ya yi ta danna oda har ya gaji.

Ɗana ya ce, "Ƙyanda ce ta kashe ta. Haka aka ce mana."

Na ce, "Ƙyanda ku biyu ta kama."

Ya kafa wa ƙasa ido. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, amma a lokacin sai na ga wuyansa ya yi siriri. Can ya ce, a hankali, "Ni na nuna mata tururuwan. Na ce ta zauna a nan, ni in je neman goriba. Da na dawo na tarar kin toshe, na ce mata Baba ne ya aiko a toshe, don kada ta ji haushinki."

Wannan ban sani ba. Shekara arba'in da ɗoriya muna gida ɗaya, ban sani ba.

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da makullin, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na ce, "Ba ni ba. Ni an gwada ni." Ya juya ya ajiye shi a gaban matarsa, ya ɗauki jaka, ya fita. Bai sake yi mini sallama ba.

Surukata ta zauna tana kallon makullin kamar kunama aka ajiye mata. Na ce, "Tashi ki buɗe."

"Yanzu, Inna? Ai akwai abinci a ɗakina."

"Na sani. Ki buɗe yau da ba kya bukata, don hannunki ya san hanya. Ranar da kike bukata, kunya ce za ta riƙe miki shi."

Ta buɗe. Na sa ta ciro dami guda, ta sussuka a tsakar gida da rana, inda duk mai wucewa zai gani. Wata ta leƙo ta ce, "A'a, har an fara taɓa ajiyar? A gidan Inna?" Na ce, "A gidan Inna. Je ki faɗa." Aka dama kunu, yara suka sha har suka bari. Ni na karɓi ƙoƙon na riƙe, ƙamshin ya bugo ni, na miƙa wa ƙaramar.

Labarin ya fita, kamar yadda labari ke fita. Ba wanda ya ce mini komai a fuska. Amma an yi aure biyu a unguwarmu tun daga nan, ba a kawo mini amarya ko ɗaya ba. Ɗana yana kiran matarsa a waya, yana cewa a gaishe da Inna. Bai ce a ba ni wayar ba tukuna. Ba na tambaya.

Da bazara ta yi nisa bana, aiki ya tsaya masa a birni, ya yi wata biyu bai aiko da komai ba. Na lura tukunyar surukata ta fara raguwa, na ga tana kankare ƙanzo tana ba yara, ita ta ce ta ƙoshi. Na kama bakina na zuba mata ido, don in ni na ce ta buɗe, ba ita ta buɗe ba. Kwana ɗaya. Kwana biyu. A na ukun na kasa zama, na kasa tsayuwa, na shiga ɗaki na kwanta da rana tsaka, fuskata a bango. Ina nan kwance na ji takunta ya wuce ƙofata bai tsaya ba, ya zaga bayan madafi. Na ji kwaɗo ya buɗe. Ba ta zo ta tambaye ni ba, ba ta kira mijinta ba. Jim kaɗan na ji ta tana ce wa babbar 'yarta ta kawo turmi.